Waliyyi Charles de Foucauld da Ɗan Ɗakinsa na Hamada

Ranar 1 ga watan Disamba ta kowace shekara Ikilisiya tana tunawa da Waliyyi Charles de Foucauld, wanda mutanen ƙasarsa suke furta sunansa Sharl da Fuko. Bafaranshe ne, firist ne, ya rasu a shekara ta 1916 a Tamanrasat, can kudancin Aljeriya, garin da masu bin hanyar Agadas zuwa arewa suka sani sarai. Ɗakin da ya gina a wurin a 1905 yana nan tsaye har yanzu. Sa'ad da ya gina shi, tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa kuwa bai kai mita 2 ba, har dogon mutum in ya tsaya a tsakiya ya miƙe hannuwansa zai taɓa bangon dama da na hagu gaba ɗaya. A cikin wannan ɗan wuri aka sami bagadi, da wurin kwana, da wurin rubutu, da wurin ajiye abinci. Mun ga ya kyautu mu bi tarihin mutumin nan ta wuraren da ya zauna, gama shekara da shekaru yana ta rage girman ɗakinsa, yana tsammani ta haka zai iske talaucin Yesu, amma a ƙarshe ta wata ƙofa dabam talaucin ya shigo masa.

An haife shi a birnin Strasbourg ranar 15 ga Satumba, 1858, a gidan sarauta da wadata. Tun bai cika shekara shida ba uwa da uba suka rasu cikin shekara guda, shi da ƙanwarsa Marie suka koma hannun kakansu na wajen uwa, wani tsohon kanar na soja, wanda ya ƙaunace shi har ya shagwaɓa shi. Kafin ya kai shekara goma sha bakwai ya riga ya yar da bangaskiya. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876. Bayan shekara biyu kakan ya rasu ya bar masa dukiya mai yawa, shi kuwa ya shiga cinta ba ji ba gani: liyafa kowane dare, abinci mai tsada, tufafi, caca. A makarantar sojan doki ta Saumur, cikin ɗalibai 87 shi ne ya zo na 87. Da aka aika da rundunarsu Aljeriya ya tafi da wata mace wadda ba matarsa ba ce, aka umarce shi ya sallame ta ya ƙi, aka dakatar da shi daga aiki a 1881. Ɓarnar kuɗin ta kai inda danginsa suka je kotu aka naɗa mai lura da abin da ya saura na gadonsa.

Duk da haka akwai wani abu a jikin saurayin nan wanda ƙiba da sakaci suka rufe. Da ya ji abokansa suna fagen yaƙi a kudancin Oran, sai ya roƙa a mai da shi soja, ya jure yunwa da tafiya har ya ba kowa mamaki. Ya ajiye aikin soja a 1882, ya ƙudura zai ratsa ƙasar Maroko, wadda a lokacin ba a yarda Bature Kirista ya shiga cikinta ba. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 ya yi tafiyar wajen kilomita 3,000 cikin shigar matalaucin malamin Yahudawa, tare da wani Bayahude mai suna Mardochée wanda ya yi masa jagora. Yana tafe yana rubuta abin da ya gani a wani ɗan littafi da ke ɓuya a tafin hannu. Wannan aiki ya jawo masa lambar zinariya ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris a 1885. Amma abin da ya fi lambar nauyi a zuciyarsa shi ne ganin Musulmi, fatake da makiyaya, suna tsai da kome in lokacin salla ya yi, su fuskanci Allah a kan yashi. Daga baya shi da kansa ya shaida cewa wannan gani ne ya fara girgiza rashin bangaskiyarsa. Ya kamata mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi mu lura da wannan.

Da ya koma Paris, zaman kirki na wata 'yar'uwarsa, Marie de Bondy, ya ƙara jan hankalinsa, domin ba ta taɓa yi masa wa'azi ba. A ƙarshen Oktoba 1886 ya shiga cocin Waliyyi Augustine ya sami Fada Henri Huvelin, ya ce ya zo neman bayani ne a kan addini. Fada bai tsaya muhawara da shi ba. Ya ce masa ya durƙusa ya furta zunubansa, sa'an nan ya aike shi ya karɓi Jikin Ubangiji. Daga ranar nan Fada Huvelin ya zama uban ruhunsa har mutuwa ta raba su a 1910. Akwai wata koyarwa ta Fada Huvelin da ta kama Charles ba ta sake shi ba, wato cewa Yesu ya zaɓi wurin zama na can ƙarshe, na ƙasƙanci, har ba wanda ya taɓa iya ƙwace masa shi. Da ya ziyarci Ƙasa Mai Tsarki a ƙarshen 1888, ya taka titunan Nazarat, sai tunaninsa ya tsaya a kan shekaru talatin da Ubangijinmu ya yi a wannan ƙauye yana aikin hannu, ba wanda ya san ko shi wane ne. Wannan zama na Nazarat shi ya zama ma'aunin da ya riƙa gwada kowane gida da shi.

Bayan ya bar wa ƙanwarsa abin da ya mallaka, a Janairu 1890 ya shiga ƙungiyar sufaye ta Trappist, waɗanda aka sani da shiru da azumi da aikin gona. Ya roƙa aka tura shi gidansu mafi talauci, a Akbes, cikin ƙasar Sham ta wancan zamani, inda ɗakunan na katako da ciyawa ne. Kowa zai ce ya isa haka. Amma wata rana a 1894 aka aike shi ya yi addu'a a kan gawar wani ma'aikaci matalauci a ƙauyen da ke kusa, ya shiga bukkar mamacin ya duba, ya ga cewa gidan sufaye, da gonakinsa da rumbunansa da tabbacin abincin gobe, fada ce in an gwada da wannan bukka. Zuciyarsa ba ta ƙara kwanciya a wurin ba. Ya yi biyayya har shekara bakwai ta cika, sa'an nan shugabanninsa suka sallame shi da albarka a Janairu 1897.

Ya nufi Nazarat, ya roƙi sistocin Waliyya Clare su ɗauke shi bara. Suka nuna masa ɗaki mai kyau, ya ƙi, ya zaɓi wata 'yar rumfar katako a gefen lambu inda ake ajiye kayan aiki. A nan ya yi wajen shekara uku yana shara, yana zuwa aike, yana kwana gaban Sakramenti Mai Albarka. Yaran gari suka ɗauke shi taɓaɓɓe saboda irin tsummokin da yake sawa. In ƙanƙantar ɗaki ce talaucin Yesu, to a Nazarat ya kai matuƙa. Sai dai a rumfar nan shi kaɗai ne da Ubangijinsa, kuma sannu a hankali ya gane cewa Yesu bai zauna Nazarat a ɓoye daga mutane ba. Yana da maƙwabta, yana da masu kawo masa aiki. Shugabar sistocin da ke Urushalima ta matsa masa ya karɓi aikin firist. Aka naɗa shi a Viviers ta Faransa ranar 9 ga Yuni, 1901, yana da shekara 42, ya kuwa roƙa a bar shi ya tafi inda babu firist ko ɗaya.

Haka ya isa Beni Abbes, wani zango mai dabino a yammacin hamadar Aljeriya, a ƙarshen Oktoba 1901. Sojoji suka taimake shi ya gina 'yan ɗakuna na tubali da itacen dabino. Maimakon katanga sai ya jera ƙananan duwatsu a ƙasa, ya ce iyakarsa ke nan, ba zai ƙetare ba sai da dalili. Shi dai ya tsare iyakar, amma jama'a ba su san da ita ba. Tun kafin asuba har bayan magariba ƙofarsa ba ta rabuwa da bayi, da marasa lafiya, da matafiya, da sojoji, wata rana mutum sittin, wata rana ɗari. Burinsa shi ne Kirista da Musulmi da Bayahude kowa ya ɗauke shi ɗan'uwansa. Ya tarar ana cinikin bayi a gaban idon hukumar Faransa, ya yi ta rubuta wa shugabansa na Ikilisiya, Monsinyo Guérin, wasiƙu masu zafi cewa yin shiru a kan wannan zunubi ne. Ya fanshi 'yan kaɗan da kuɗin da danginsa suke aiko masa, cikinsu har da wani saurayi Paul Embarek, wanda za mu sake gamuwa da shi. Ya kuma gina ɗakuna domin 'yan'uwan da yake sa rai za su zo su zauna tare da shi, ya rubuta musu ƙa'idar zama mai tsanani ƙwarai. Ba wanda ya zo. Mutum ɗaya da ya gwada daga baya, rashin lafiya ta mai da shi tun a hanya.

Wani tsohon abokinsa na soja, Laperrine, shi ya ja shi zuwa kudu, ƙasar duwatsun Ahaggar, wurin Abzinawa. Sarkinsu, Musa ag Amastan, ya yarda ya zauna, ya sauka Tamanrasat a Agusta 1905. Garin a lokacin gidaje ne wajen ashirin na manoma matalauta a bakin wani busasshen rafi, makiyaya kuwa suna zuwa suna wucewa. Babu kanti, babu likita, babu wani Kirista. Wasiƙa sai raƙumi ya kawo bayan makonni. Ya fara da bukkar kara irin ta mutanen wurin, kana ya gina ɗakin nan na dutse da laka da muka ambata da fari. Daga baya ya ƙara masa tsawo amma bai ƙara faɗi ba, har aka yi wa ɗakin laƙabi da sunan wani irin jirgin ruwa saboda siffarsa. Wannan karon bai jera duwatsun iyaka ba. Abincinsa bai wuce dabino da ɗan hatsi ba, abin da ya samu kuwa na magani, da allura, da ƙyalle, rabawa yake yi.

Kada mu ɗauka zaman hutu ya je yi. Ya ga cewa ba yadda za a yi mutum ya zama ɗan'uwan waɗanda bai iya harshensu ba, saboda haka ya duƙufa a kan Tamahak, harshen Abzinawan Ahaggar, yana aiki sa'o'i masu yawa kowace rana har shekara goma sha ɗaya. Ya bi tantuna yana sauraron tsofaffi da mata mawaƙa, ya rubuta waƙoƙinsu layi wajen 6,000, ya fassara su. Ƙamus ɗin da ya haɗa na Tamahak da Faransanci ya wuce shafi 2,000 da rubutun hannunsa; an buga shi cikin littafi huɗu a 1951 da 1952, masana harshe kuma suna komawa gare shi har yau. Ya so a fitar da aikin ba tare da sunansa ba. Duk wannan a ɗakin da bai kai mita biyu a faɗi ba aka yi mafi yawansa.

Shekara ta 1907 ita ce ta gwada shi. Paul ya riga ya tafi, dokar Ikilisiya ta lokacin kuwa ba ta yarda firist ya miƙa hadayar Misa ba sai da mai taya shi a bagadi. Mutumin da ya ratsa hamada domin ya kawo Yesu cikin Sakramenti sai ga shi watanni ba Misa. Har Kirsimati ta shekarar ta wuce haka, ba Misa, ba wasiƙa daga gida. Fari kuma ya sauka, wata goma sha bakwai ba ruwan sama, awaki suka ƙafe, yunwa ta shiga tantuna. Ya buɗe ɗan abin da ya ajiye ya rabar. A farkon Janairu 1908 jikinsa ya ƙi, ya kwanta bai iya ko tashi ba, ya sallama cewa mutuwa ce ta zo, a wurin da ba wanda zai ba shi sakramenti na ƙarshe. Yana da shekara 49, bai sami ko mabiyi ɗaya ba, ba kuwa Ba'abzine ɗaya da ya karɓi baftisma ta hannunsa.

Abzinawan nan da yunwa ta rarake su ne suka tashi. Suka bi duk awakin da ke kewaye, har nisan kilomita huɗu, suna neman wadda ta saura da ɗigon nono, suka tattara suka kawo masa, a lokacin da 'ya'yansu ma suke bukatarsa. Da wannan nono ya farfaɗo. A ganinmu nan ne tsakiyar tarihinsa. Tun daga 1890 yake ta zubar da kaya, amma kullum shi ne mai bayarwa: shi ke da magani, shi ke da allura, shi ke da dangi a Faransa masu aiko da kuɗi, da abokai hafsoshi. Talaucin da mutum ya zaɓa da kansa yana da ƙofar fita, matalautan Tamanrasat kuwa sun san haka ko ba su faɗa ba. Sai ranar da ya kwanta ba shi da abin ba kowa, ya miƙa hannu ya karɓa, sa'an nan ya zama maƙwabci irin na Nazarat. Da yawa daga cikinmu da muke zaune a ɗaki ɗaya da iyali, ba wutar lantarki, ba famfo, ba mu zaɓi haka ba, ba ma kuwa bukatar a yi mana kirarin talauci. Amma mun san abin da ake nufi da ƙwaryar da maƙwabciya ta miƙo ta kan danga. A ƙarshen wannan wata na Janairu saƙo ya iso cewa Paparoma Pius na 10 ya ba shi izinin yin Misa shi kaɗai.

Bayan ciwon nan zamansa da mutane ya sake. Ya sassauta wa kansa dokokin da ya ɗaura, ya riƙa zama hira, ana zuwa neman shawararsa a kan rigimar iyali da ta kiwo, ya koya wa mata saƙa. Musa ag Amastan ya zama amininsa, shi kuwa yana yi wa Musa gargaɗi ya riƙe gaskiya da tsoron Allah a cikin sarautarsa, bai matsa masa ya bar addininsa ba. Ya ce aikinsa shi ne nuna alheri, har wanda ya gani ya tambayi kansa, in bawa haka yake, yaya Ubangijinsa zai zama. A 1911 ya hau dutsen Asekrem, mai tsawon fiye da mita 2,700, inda ya sa aka gina masa wani ɗan ɗaki na dutse, domin ya ji makiyaya suna taruwa a kwarurukan wurin. Iska da sanyi da wuyar ruwa suka kore shi bayan wata biyar, ya komo Tamanrasat.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Charles ɗan zamaninsa ne, tsohon hafsa, mai kishin Faransa. Ya gaskata cewa mulkin ƙasarsa zai iya kawo wa hamada alheri in an yi shi da adalci, ya riƙa rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a ƙasar tare da ba su shawara, ko da yake ya sha tsawata musu a kan zalunci da ƙwace, ya kuma yi gargaɗi cewa in ba su gyara ba wata rana za a kore su. Abzinawa da 'yan Aljeriya da yawa suna tuna wannan gefe na rayuwarsa, suna kuwa da hujja. Ikilisiya ba ta ɗaukaka shi domin ra'ayinsa na siyasa ba.

Wannan alaƙa ce ta kai shi gidansa na ƙarshe. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, mayaƙan Sanusiyya daga wajen Libiya suka tasar wa Faransawa, suka ci Janet a Maris 1916. Domin mutanen ƙauye su sami mafaka in an kawo hari, Charles ya sa aka gina wata ganuwa ta laka mai kusurwa huɗu, da dogayen bango, da rijiya a tsakiya, da ƙofa ɗaya ƙarama. Aka ajiye hatsi a ciki, aka kuma ajiye bindigogi na hukuma. Ya ƙaura ciki a Yuni 1916. Mutumin da ya zauna lafiya shekara goma sha ɗaya a ɗakin da ba shi da kariya, bai cika wata shida a bayan ganuwa ba.

Ranar 28 ga Nuwamba ya rubuta cewa ya gama aikin waƙoƙin Abzinawa. Ranar Juma'a 1 ga Disamba, da magariba, mahara wajen arba'in suka kewaye ganuwar. Suka sa wani mutum da ya sani, wanda ya sha cin alherinsa, ya ƙwanƙwasa ya ce wasiƙu ne suka iso. Da ya buɗe ya miƙo hannu sai aka fizgo shi waje, aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka durƙusar da shi, aka bar wani yaro ɗan shekara goma sha biyar yana tsaronsa da bindiga, sauran suka shiga kwasar kaya. Alamu sun nuna so suke su tafi da shi garkuwa. Ana cikin haka sai ga sojoji biyu a kan raƙuma sun doso, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Paul Embarek, wanda ya riga ya komo garin da zama, yana wurin, shi ne ya ba da labari, shi da mutanen ƙauye kuma suka binne shi. A cikin watan nan ne Kawsan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas. Guguwa ɗaya ce ta taso daga Ahaggar har Abzin. Bayan mako uku wani hafsa ya iso ya tarar da takardu a warwatse, ya kuma tsinci ɗan mazubin Sakramenti Mai Albarka a cikin yashi. Musa ag Amastan ya aika wa ƙanwar marigayin takardar ta'aziyya, ya gaya mata irin baƙin cikin da ya rufe shi.

Ya mutu yana da shekara 58, ba tare da ya kafa ƙungiyar sufayen da ya yi ta mafarki ba. A 1921 René Bazin ya rubuta tarihinsa, littafin ya bazu. A 1929 aka mai da ƙasusuwansa El Golea. A 1933 Fada René Voillaume da abokansa suka kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu a hamadar Aljeriya, a 1939 kuma Sista Magdeleine ta kafa Ƙananan Sistocin Yesu. Tsarinsu shi ne su zauna su biyu ko uku ko huɗu a irin gidan da matalautan wurin suke zama, ko tanti ne ko ɗakin haya, su ci daga aikin hannunsu, su keɓe kusurwa ɗaya domin Sakramenti. An ayyana shi Mai Albarka ranar 13 ga Nuwamba, 2005, a zamanin Paparoma Benedict na 16, Paparoma Francis kuma ya sa shi cikin waliyyai ranar 15 ga Mayu, 2022. Mu'ujizar da aka karɓa domin wannan ta faru ne a 2016, inda wani saurayi kafinta ya faɗo daga rufin wani ɗakin sujada, nisan fiye da mita 15, katako ya huda shi, ya kuwa tashi ya warke. A garin Saumur abin ya faru, inda Charles ya taɓa zuwa na 87 cikin 87.

Tamanrasat da ya tarar da gidaje ashirin ta zama birni. A ƙidayar 2008 mutanenta sun haura 90,000, ana kuma jin Hausa a kasuwanninta. Gine-gine sun kewaye ɗan ɗakin ta kowane gefe, har baƙo yana iya wuce shi bai lura ba sai an nuna masa.